Wata Huɗu a Kan Teku: Yadda Ake Rayuwa a Jirgin Queen Mary 2

A farkon watan Janairu, lokacin da sanyin Ingila ya kai intaha har rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, tashar jiragen ruwa ta Southampton takan cika da dattawa da akwatuna. Mace guda sai ta zo da akwati shida ko takwas, kuma ba mai ce mata uffan, muddin kayan za su shiga ɗakinta. A ciki akwai rigunan sanyi na makon farko, da na zafi domin Tekun Indiya, da kayan ƙawa na dare, da takalman rawa, da maganin hawan jini na wata huɗu. Jirgin da ke jiransu shi ne Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, kuma tafiyar da za su yi ita ce zagayen duniya, wadda kan ɗauki kwana ɗari da 'yan kai. Sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu za su sake ganin ƙofar gidajensu.

Tsawon jirgin mita 345 ne. Yana ɗaukar fasinja kusan 2,700 da ma'aikata wajen 1,250. A garin Saint-Nazaire na Faransa aka ƙera shi, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta raɗa masa suna ranar 8 ga Janairun 2004. Akwai jiragen shaƙatawa da suka fi shi girma yanzu, amma shi kaɗai ya rage daga irin jiragen da ake ƙerawa don keta babban teku a kan lokaci, ko da iska ko babu. Shi ya sa gabansa ke da tsini, jikinsa ya fi na sauran kauri, gudunsa kuma kan kai kilomita 55 a awa. Aikinsa na yau da kullum shi ne jigila tsakanin Southampton da New York, kwana bakwai zuwa, kwana bakwai dawowa. An ma rage tsawon bututun hayaƙinsa tun wajen zane domin ya iya wucewa ta ƙarƙashin gadar Verrazzano da ke bakin New York.

Al'adar zagayen duniya ta samo asali ne daga lissafin 'yan kasuwa. Da hunturu arewacin Atlantika kan haukace, fasinja su yi ƙaranci, jiragen su zauna suna cin kuɗi. Sai aka ga gara a kwashi attajirai a kai su inda ake rana. A watan Nuwamban 1922 jirgin Laconia na Cunard, wanda kamfanin American Express ya yi shatarsa, ya tashi daga New York ya yi kwana 130 yana zagaye, ya tsaya a tashoshi 22. Daga baya jirgin sama ya zo ya karɓe kasuwar sufuri baki ɗaya; zuwa ƙarshen shekarun 1950 masu tsallaka Atlantika ta sama sun fi masu bi ta ruwa yawa. Mu ma nan Afirka ta Yamma haka ta faru: jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta kai ɗalibai da 'yan siyasa daga Legas zuwa Liverpool cikin kusan mako biyu, ya daina zuwa a farkon shekarun 1970. Wanda ke sauri ya koma sama. Aka bar wa jirgin ruwa wanda ba ya sauri, kuma shi ne har yau yake biyan kuɗin.

Kowa da teburinsa

Abu na farko da sabon fasinja zai gane shi ne kuɗin ɗakinsa ne ke zaɓa masa inda zai ci abinci. Mafi yawan mutane a Britannia suke ci, wani makeken zaure mai hawa biyu da matakala mai lanƙwasa. Sama da su akwai 'yan Britannia Club, sai 'yan Princess Grill, sai kuma 'yan Queens Grill a can ƙololuwa, waɗanda kowane ɗaki nasu yake da hadimi, kuma suna iya neman abin da babu shi a takardar abinci a dafa musu. Su da 'yan Princess Grill suna da falonsu da farfajiyar shan iska da ba a yarda wani ya shiga ba. Kamfanin ba ya kiran wannan tsari da sunan aji na ɗaya da na biyu, an daina wannan magana tuntuni, amma ƙofar da aka rubuta wa suna tana nan, kuma kowa ya san ko tasa ce ko ba tasa ba.

Ɗaki mafi araha, wanda ke tsakiyar jirgi babu ko taga, kuɗinsa na zagayen duka kan haura fam 10,000 ga mutum guda. Manyan ɗakunan baya masu hawa biyu sun wuce fam 100,000. Mai tafiya shi kaɗai kuma yakan biya kusan kuɗin mutum biyu, domin gadon da ya bari babu kowa asara ce ga kamfani.

Akwai wani bambancin da ba kuɗin ɗaki ke kawo shi ba. Ana sayar da tafiyar gunduwa-gunduwa: wani ya hau a Southampton ya sauka a Cape Town, wani ya hau a Sydney ya sauka a Singafo. 'Yan ɗaruruwa ne kawai ke yin zagayen daga farko har ƙarshe, kuma su ke ganin kansu 'yan gida. An ware musu wurin zama, ana shirya musu liyafa ta musamman a wani birni a kan hanya. Da yawansu sun san juna tun zagayen bara ko na bara waccan. Sun san teburin da ya fi kusa da taga, sun san sunan mai kawo musu shayi da sunayen 'ya'yansa. In aka tsaya a babbar tasha sababbin fuskoki suka shigo, sai ka ga suna yi musu irin kallon da ake yi wa baƙo da ya zauna a kujerar maigida.

Ranar da babu tudu

Fiye da rabin kwanakin tafiyar a tsakiyar ruwa ake yin su, babu abin gani sai teku da sama. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka zaman gundura ne. Ai kuwa matsalar akasin haka ce. Kowane dare ana ajiye wa mutum takardar shirin gobe a ɗakinsa, kuma za ka ga tsohuwa da biro tana ja wa abubuwa layi, tana tsaki domin laccar tarihin ƙarfe goma sha ɗaya ta yi karo da darasin zanen fenti.

Da sassafe masu motsa jiki kan fito bene na bakwai, inda wata farfajiyar katako ta zagaye jirgin. Zagaye uku ya kusa kilomita biyu. A gefe an jera kujerun kishingiɗa, masu karatu sun lulluɓe ƙafafu da bargo. Ɗakin karatun yana can gaba, da littattafai dubbai a cikin kabad masu gilashi da ake kullewa don kada su zube in ruwa ya motsa. Akwai zauren kallon taurari, inda ake kwantar da kujera a haska wa mutane sararin samaniya a rufi. Akwai ƙungiyar mawaƙa ta fasinjoji, da masu karta, da gasar kacici-kacici da ake yi a mashayar Golden Lion, wadda tsofaffin malaman makaranta ke ɗauka da zafi fiye da kima. Da ƙarfe goma sha biyu na rana jirgin kan yi kuka da ƙahonsa, sannan kyaftin ya yi magana ta lasifika: ga inda muke, ga zurfin ruwan da ke ƙarƙashinmu, ga nisan tudu mafi kusa. Ɗaya daga cikin ƙahonnin an ciro shi ne daga tsohon jirgin Queen Mary na shekarun 1930.

Ƙarfe uku da rabi lokacin shayi ne, kuma ya cancanci a tsaya a kalle shi. Tun kafin lokaci mutane sun yi layi a ƙofar Queens Room, babban zauren rawa. Ana buɗewa kowa ya nemi teburi, masu goge na kiɗa a hankali. Sai ma'aikata su fito a jere cikin fararen kaya da farar safar hannu, kowa da butar shayi ta azurfa, mutane su tafa musu. Ɗaya ya zuba shayi, wani ya biyo da 'yan yankan burodi da aka cire wa ɓawo, wani da kek, wani da cincin ɗin Ingila mai laushi da ake shafa wa kirim da jam. Ba a cika awa biyu da tashi daga abincin rana ba, kuma abincin dare na tafe. Duk da haka babu kujerar da ke zama babu kowa. Telolin jirgi da na Hong Kong sun saba da fasinjan da ya zo a buɗa masa ƙugun wando a tsakiyar tafiya.

Bayan ƙarfe shida na yamma dokar sutura ta fara aiki. A daren ƙawa maza kan sa baƙar kwat da laktaye, mata dogayen riguna. Wanda bai ga dama ba sai ya ci abincinsa a Kings Court, inda kowa ke ɗiba da kansa, ya kauce wa manyan zaurukan. Mata sun fi maza yawa a irin wannan tafiya, da yawa kuma mazansu sun rasu. Don haka kamfanin ya daɗe yana ɗaukar wasu mutane da suka iya rawa, aikinsu kawai su gayyaci wadda ke zaune ita kaɗai su taka da ita, waƙa ɗaya, sannan su koma ga wata, ba tare da fifita kowa ba. Abin yana iya ba mai karatu dariya. Ni dai ina ganin a nan ne asirin kasuwar yake. Matar da ke zaune ita kaɗai a wani gida a Ingila, 'ya'ya sun watse, sai ta yi kwana uku ba ta yi magana da kowa ba, a nan ta samu wata huɗu na mutanen da za su tambaye ta yadda ta kwana, da likita a bene na ƙasa, da wanda zai lura in ba ta fito karin kumallo ba. An san wata Ba'amurkiya da ta mayar da QE2, tsohon jirgin kamfanin, gidanta na shekaru bayan rasuwar mijinta, har sai da aka yi wa jirgin ritaya a 2008 aka kai shi Dubai.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Zuwa mako na shida hirar teburi ta ƙare, kowa ya ji labarin jikokin kowa. Rigima kan tashi a kan wanda ya ajiye littafi a kujera tun asuba don kama wuri, ko wanda ya leƙa waya a gasar kacici-kacici. Cibiyar labarai kuwa ita ce ɗakin wanki, inda fasinja ke wanke kayansu da kansu kyauta. Shi ne bakin rijiyar jirgin: a nan ake jin wa ya ƙaura daga teburin wa, wa aka sauke a tashar baya a motar asibiti, wa ya fitar wa wani da kaya daga inji tun ba su bushe ba. Mutumin da ya biya kuɗin gida guda don wannan tafiya sai ka same shi yana sa-in-sa a kan safa.

Lokaci kansa yakan rikice. Duk 'yan kwanaki sai an matsa agogo da awa guda. In jirgi ya tsallaka layin sauya kwanan wata a Tekun Fasifik, to ko dai a yi tsallaken rana ɗaya cur, a kwanta Talata a tashi Alhamis, ko a maimaita rana sau biyu, gwargwadon inda aka dosa. Musulmin da ke cikin jirgin sai ya yi da gaske: alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, lokutan salla suna gocewa kullum. A ranar tsallaka layin da ya raba duniya biyu kuma akwai wasan matuƙa na tun da can, inda wani ke shigar sarkin teku, a gurfanar da waɗanda ba su taɓa tsallakawa ba, a sa su sumbaci ɗanyen kifi, a shafe su da miya da taliya a tura su kwamin wanka.

Duniyar awa takwas

An ce tafiya mabuɗin ilimi, to amma ya danganta da irin tafiyar. Jirgi kan iso tasha da safe ya tashi da yamma. Motocin safa na jere a bakin ruwa, kowace da lamba da ɗan rakiya mai ɗaga tuta. A kai mutane wurin ibada ɗaya, da kasuwar tsaraba ɗaya, da wani tudu da ake ɗaukar hoto, a dawo da su kafin shayi. Wanda ya fita da kansa ya makara, jirgi ba ya jiransa; sai ya nemi fasfonsa wurin wakilin kamfani ya bi ta sama zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. A manyan birane irin su Sydney da Hong Kong da Cape Town akan kwana ɗaya ko biyu. Sauran kuwa ɗanɗano ne a bakin cokali. Mutum zai dawo ya ce ya je ƙasa ashirin, alhali bai ci abincin dare a ko biyar daga cikinsu ba, kuma mutanen ƙasar da ya yi magana da su direbobi ne da masu talla. Akwai tsofaffin hannu da ba sa ma sauka. Sun ga Colombo sau huɗu, kuma ranar tasha ita ce ranar da jirgi ke zama nasu su kaɗai.

Duk da haka duniyar takan kutso kai ba a gayyace ta ba. A shekarun da 'yan fashin teku suka addabi gaɓar Somaliya, jiragen da za su shiga Bahar Maliya kan rufe farfajiya da dare, a rage fitilu, a yi wa fasinja atisayen zama a ƙasa cikin lungu nesa da taga. Daga ƙarshen 2023, da 'yan Houthi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari, kamfanoni da dama suka fasa bi ta mashigin Suwez suka zagaya ta kudancin Afirka. A watan Maris na 2020 annobar korona ta katse zagayen Queen Mary 2 a Fremantle ta Ostareliya. Aka sauke yawancin fasinja suka koma gida ta sama, jirgin ya taho Southampton da 'yan kaɗan da lafiyarsu ba ta ba su damar hawa jirgin sama ba. Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar kuwa, tun kafin a kai ga wannan duka akwai tarin bizar da zai nema, wadda mai fasfon Ingila ba ya buƙatar yawancinta.

Ƙasan bene

A bayan ƙofofin da aka rubuta wa “ma'aikata kaɗai” kafet yake ƙarewa, sai ƙarfe da farin fenti. Akwai wani dogon titi da ya ratsa jirgin daga gaba zuwa baya, ma'aikata na kiransa Burma Road, kuma ta nan komai ke bi: buhunan fulawa, kwandunan zannuwan gado, shara, kayan fasinja. A nan ƙasa gidan burodi yake aiki dare farai, injuna na tace ruwan teku su mayar da shi na sha, masu wanki na guga cikin zafi. Akwai asibiti, akwai kuma mutuware, domin in ka tara mutum dubu biyu masu yawan shekaru na wata huɗu, ba kowa ne zai sauka da ƙafarsa ba.

Manyan hafsoshi galibi Turawa ne. Masu gyaran ɗaki da kuku da masu rarraba abinci kuwa yawancinsu 'yan Filifin ne da Indiya da wasu ƙasashe masu tasowa. Kwantiraginsu kan kai wata shida zuwa tara, kuma a cikinsa babu ranar hutu, sai dai awoyin hutu. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta duniya, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce dole a ba ma'aikaci hutun aƙalla awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Mai karatu ya cire wannan daga awoyin mako ya ga abin da doka ta halatta a yi na aiki. Mutum biyu ke kwana a ɗaki guda, gado a kan gado, babu taga. Mai gyaran ɗaki yana da ɗakuna fiye da goma, kowanne sau biyu a rana: da safe ya share ya canja tawul, da yamma ya dawo ya buɗe bargo, ya ajiye cakulan a kan matashi, ya kuma tuna cewa mai ɗaki na kaza ba ta son a taɓa mata littattafai. Wani kaso na abin da yake samu tukuici ne da ake ƙarawa a kuɗin fasinja kullum.

Tun 2011 sunan da ke rubuce a bayan jirgin ba Southampton ba ne, Hamilton ne, babban birnin Bermuda. Kamfanin ya ce ya sauya rajista ne domin kyaftin ya samu ikon ɗaura aure a teku, abin da dokar Ingila ba ta yarda da shi ba. Masu sharhi kuma suka lura cewa sauyin ya zo daidai lokacin da sabuwar dokar daidaito ta Birtaniya ke shirin shafar albashin ma'aikatan jirage. Ba sai an zaɓi ɗaya daga cikin dalilan ba. Kuma adalci ne a faɗi cewa layin masu neman aikin a Manila dogo ne, domin albashin ya fi na gida nesa ba kusa ba. Dokar Filifin ta wajabta a tura kashi 80 cikin ɗari na ainihin albashin ɗan teku zuwa ga iyalinsa. Da shi ake gina gidaje ana biyan kuɗin makaranta. Ranar tasha, yayin da fasinja ke hawa safa, za ka ga ma'aikatan da suka samu awa biyu sun zauna a dakalin tashar, kowa da waya a gaban fuska, suna laluben intanet na kyauta don su ga yaran da aka yaye ba sa nan.

A makon ƙarshe akwatuna kan fito daga ƙarƙashin gado, a yi ta musayar adireshi. Ofishin da ya fi cika shi ne na yin rajistar tafiya ta gaba, domin ana fara sayar da zagayen tun saura kusan shekara biyu, kuma ɗakunan da aka fi so su ke fara ƙarewa. Kamfanoni sun gane cewa akwai masu son abin ya fi haka tsawo. A watan Disamban 2023 jirgin Serenade of the Seas na Royal Caribbean ya tashi daga Miami a tafiyar kwana 274, fasinjojinsa suka zama abin kallo a TikTok. Wani kamfani ya tallata zagayen shekara uku, mutane suka sayar da gidaje suka biya, sai aka soke tafiyar a Nuwamban 2023 saboda ba a samu jirgin ba. Na Villa Vie Odyssey kuwa, wanda ake sayen ɗaki a cikinsa a zauna dindindin, an shirya zai tashi daga Belfast a ƙarshen Mayun 2024. Gyara ya tsare shi wata huɗu, masu ɗakunan suna wuni a jirgi suna kwana a otal, cikin ruwan saman Ailan ta Arewa. Da aka samu ya tashi a ƙarshen Satumba, ana ta shewa da ɗaga hannu, bai yi nisa ba ya saki anga a bakin gaɓa ya ƙara wasu kwanaki, wai takardu ba su kammala ba.